Daɓen Rijiyar Kakana

Kukan shanu ne abin da na fi tunawa a ranar da kakana ya rasu. Mutane sun yi nasu kukan a hankali, kamar yadda ake yi wa tsoho. Amma shanun da ke tsaye a bayan gari, gefen shingen ƙayar da aka kewaye rijiya da shi, ba su san an yi mutuwa ba. Ƙishi suke ji. Muryarsu tana tsallako katanga, ta ratsa salatin mata, ta zauna a tsakar gidanmu tare da masu gaisuwa.

A Maikujera ne, zamanin Turawa, a tsakiyar bazara, irin wadda ko inuwar tsamiya ba ta da sanyi. Ina da shekara goma sha shida, na zo hutu daga makaranta a Sakkwato. Ina zaune bakin ƙofar ɗakin Iya, kakata, ina jin abin da mata ke cewa in sun gaishe ta sun koma kan tabarma.

"Allah shi jiƙan shi. Mutum mai haƙuri."

"Amin. Bai taɓa cin zalin kowa ba."

Sai a yi shiru, shanu su cike shirun. Can sai wata ta rage murya ta ce, "To, yanzu wa za shi buɗe muna rijiya?"

"Ya rufe ya tahi abinai."

"Ke, yi shiru. Jikatai na ji."

Ina ji kuwa. Iya ba ta juyo ba, fuskarta na kallon bango. Baffana yana zaure yana amsa gaisuwar maza. Goggona tana tsaye kan randa da moɗa, kamar mai gadin taskar sarki, tana ba kowane baƙo rabin abin da ya isa ya jiƙa maƙogwaro.

Ina rubuta wannan ne domin garinmu ya yi wa kakana shaidar da ba tasa ba, kuma waɗanda suka san hannunsa suna ta ƙarewa.

Bai taɓa gina wani sabon abu da za a nuna a ce nasa ne ba. Gyara ne aikinsa. Yana saurayi aka ɗauke shi aikin hanya, yana dakon tsakuwa a kwanon sarki. Sauran leburori suna duban rana su ga yaushe za a tashi, shi yana duban hannun masu kwaɓa siminti. Da haka ya iya. Daga baya, duk inda siminti ya yi ciwo a ƙasarmu shi ake aika wa: kwalbatin hanyar Rabah da ruwa ya ci gindinta, daɓen kasuwar auduga a Goronyo da ƙafafun amalanke suka farfasa, matakalar ɗakin magani. Sai ya ɗora cokalin gininsa da guduma a kan jaki ya tafi, ya dawo bayan kwanaki da hannuwa farare fat, sun tsattsage kamar bakin tafki da rani. Iya ta shafa masa man shanu tana faɗa, yana dariya.

Yana da wani ɗan guntun ƙarfe a aljihu da ba ya rabuwa da shi, har masallaci. In muna tafiya muka zo kan wani daɓe, sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya karkatar da kai.

"Malama, zo ki ji," in ji shi. Tun ranar da aka kai ni makaranta yake kirana Malama. "Wanga ya ƙoshi. Matso nan. Kin ji wanga? Cikinai wofi. Shina murmushi a sama, ƙasa ya mutu."

Ni ban taɓa jin bambancin ba. Nakan ce na ji, don in ga yadda idonsa ke haske.

Yashi ma wanke shi yake yi kafin ya kwaɓa. Ya zuba a kwando, ya yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, sannan ya ɗanɗana da harshe ya ji ko akwai kanwa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa su tsaya su riƙe ƙugu.

"Baba, tuwo za ka tuƙa muna da shi?"

"Tuwo ne, amma ba naki ba. Ke da ko geronki ba ki wankewa, mijinki ya hwaɗa min haƙorinai guda ya tahi."

Su kwashe da dariya, shi ya ci gaba da wankinsa.

Ban san wani alheri nasa da ya fi komin awaki ba. Da hukumar En'e ta gina mana rijiyar siminti, an yi mata dogon komi na shayar da shanu, mai tsawo har ƙugun mutum. Maruƙa da awaki ba sa kaiwa. Wata bazawara da ke da awaki uku takan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya su sha, bayanta na ƙara. Kakana ya gani. Duk aikin da ya je, ya karkaɗe ragowar garin da ya maƙale a gindin buhu ya ƙulle a tsumma. Ya yi shekara yana tarawa. Ran nan aka wayi gari da ƙaramin komi a gefen babba, daidai bakin ɗan akuya. Da matar ta zo godiya sai ya ce, "Ni ban yi don ke ba. Kukan bayanki ya hana ni jin siminti."

Wannan rijiya ita kaɗai ce mai ruwa a garinmu da bazara. Da manoma da makiyaya, da mu da shanu, duk ita muke kallo. In ba ita ba, sai ramukan da ake tonawa cikin yashin gulbi, tafiyar tun asuba har hantsi, inda mace za ta zauna da ƙoƙo tana jiran ruwa ya tsatso.

A shekarar nan daɓen da ke kewaye da bakin rijiyar ya tsage. Kowa na gani, kowa na tsallakewa. Kakana ne ya kwanta rub da ciki ya zura kara, karan ya shige har ya ɓace. Ya je ya sami Maigari. Ya ce in damina ta tarar da wannan tsaga, ruwa zai bi ta nan ya kwashe yashin da ke riƙe da zobban siminti na ciki, rijiya ta rufta. Aka rubuta takarda, aka aiko da buhu shida na siminti a kan raƙuma. Shida, ba na bakwai. Ya ce zai fasa tsohon daɓe ya zuba sabo, kuma ba mai taka wurin sai bayan kwana bakwai.

A nan suka yi faɗa da Arɗo, shugaban makiyayan da ke zaune a gabas da gari, abokinsa tun suna samari. A zaurenmu aka yi, ina bayan zana ina ji. Arɗo ne ya fara.

"Kwana bakwai, cikin wagga rana? Kai mahaukaci ne? Ka bari damina ta hwaɗi."

"In damina ta hwaɗi, ba rijiya za ka tarar ba, rami za ka tarar."

"To ka zuba yau mu sha jibi. Ba na gani ba? Kwana guda ya zama dutsi."

"A ido. Siminti jariri ne, Arɗo. Ba a kai shi rana, ba a barin shi da ƙishi, sai ya kwana bakwai ya yi suna."

"Shanuna su mutu don jaririnka ya yi suna? Kuma an ce ruwa za ka riƙa ba shi. Dutsi ya sha, saniya ta kalla."

"Saniyarka ta sha shekara ashirin in ka bar ni kwana bakwai."

Arɗo ya tashi bai sha furar da aka kawo masa ba. Shi ne ganinsu na ƙarshe.

Na leƙa rijiya ranar da ya zuba daɓen. Na tarar ya lulluɓe shi da tsofaffin buhunan gyaɗa jiƙaƙƙu, ya kewaye da ƙaya. Da marece na ga ya fita da garwa da tsintsiya. Washegari da asuba ma haka. Ruwan kuwa daga gulbi yake ɗauko shi a kan jaki, shi da kansa, yana da shekarun da ya kamata a ce yana kwance a inuwa. Na ce zan bi shi in ga yadda ake yi. Ya ce, "Ke da littahinki, Malama. Ki zamna ki huta, in an yi suna na kai ki." Ba wanda ya koya wa aikin. 'Ya'yansa sun zaɓi albasa da gero, shi kuma bai tilasta kowa ba.

Da la'asar ɗin rana ta biyu ya dawo daga gulbi, ya sauke garewani, ya zauna a ƙasa bai iya tashi ba. Ƙirjinsa yake dafewa. Muka kai shi ɗaki. Ya kama hannuna da hannun nan nasa mai kaushi ya ce, "Ki hwaɗa ma Baffanki, kada su bushe." Na faɗa. Baffa ya ce to, ya hau jaki ya tafi neman mai magani. Ba na ganin laifinsa. Ubansa ne kwance. Da aka yi kiran asuba, kakana ya cika.

Aka yi masa wanka da ruwan da ya ɗebo wa siminti.

Sai da aka dawo daga maƙabarta, rana ta take tsaka, ina zaune ina jin shanu da maganar matan nan, sannan abin ya faɗo mini. Kada su bushe. Tun safiyar jiya ba wanda ya leƙa. Na ji kamar an bar shi ne shi kansa a fili ba likkafani.

Na tashi na ɗauki tulu na nufi randa. Goggo ta tare.

"Ina za ki da shi?"

"Rijiya."

"Wa anka ce shina can?"

"Daɓen Baba. Ya bushe, Goggo."

Ta dube ni kamar na zauce. "Gida cike da baƙi, bakinsu ya bushe, ki kwashe ruwa ki kai ma ƙasa? Abin da anka koya muku a makaranta ke nan?"

Daga cikin ɗaki, ba tare da ta juyo ba, Iya ta ce, "Ba ta ruwan."

Ruwan randar nan ya kwana a inuwa, sanyinsa har yana ratsa tulu ya taɓa kaina. Na yi sauri, ƙasa na ƙona tafin ƙafata. Shanu suka ji ƙanshin ruwa suka yo kaina, makiyaya na kora da sanda. Na janye ƙaya na shiga. Buhunan sun bushe ƙayau, sun sandare kamar ƙirgi. Na ga in na zuba a kansu za su shanye, shi abin da ke ƙasa bai samu ba. Sai na yaye su duka. Daɓen ya bayyana, fari, sumul, da shatin cokalinsa a jiki kamar rubutu. Na taɓa, ya ƙona ni. Na ce a raina, sannu, an bar ka. Na kwara masa tulun gaba ɗaya.

Ya yi cuu, tururi ya tashi. Na ji 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, kamar ana ɓare gyaɗa. Na ɗauka sha yake yi. Na koma na sake cikowa, na sake, har randa ta nuna gindi. Sannan na jiƙa buhunan na mayar, na zauna a wurin na yi kukan da ban yi a gida ba. Na ji daɗi a ranar, Allah ya sani. Na ji na yi masa abin da ba wanda ya yi.

Washegari Arɗo ya zo gaisuwa tare da Maigari. Sun yi addu'a, sun shafa. Idon Arɗo ja wur, ban san ko na kuka ne ko na rana ba. Sai Maigari ya yi gyaran murya ya ce wa Baffa, mai aiki ya tafi, masu rai suna wahala, a janye ƙaya. Baffa ya sunkuyar da kai. Na san zai ce to.

Iya tana takaba, ba ta fita, ba ta haɗa ido da namiji. Amma ta sa aka ja tabarmarta har jikin bangon zaure, ta yi magana ta bayan bango, da muryar da ban san tana da ita ba.

"Ranka shi daɗe, shekara arba'in ina shafa ma hannun mutumin ga mai. Bai taɓa roƙonku komi ba sai kwana bakwai. Ya ci uku, ya mutu a kai. In kun hana shi huɗun, ku janye da hannunku, ɗana ba ya janyewa."

 Arɗo ne ya amsa. "Huɗu," in ji shi. "Mu ba shi huɗunai."

Kwanakin nan huɗu ba na son tuna su, ba na kuma iya mantawa. Ramukan gulbi suka fara ƙafewa saboda yawan hannu. Mata suna fita da asuba su dawo azahar da rabin tulu mai laka. An yi dambe a kan ƙoƙo guda tsakanin matan da suka yi wa juna wankan jego. Aka daina wanki, aka koma taimama. Shanun Arɗo da aka kora zuwa gulbi, tsofaffi biyu da maruƙa suka kwanta a hanya ba su tashi ba, ungulu na kewaya su tun suna numfashi. Ni kuwa safe da marece ina bin jakin kakana, in wuce ta gaban matan da 'ya'yansu ke kukan ƙishi, in je in zuba ruwa a kan buhu. Ba wadda ta zage ni. Kallo kawai. Goggo, da ta fi kowa faɗa, ita ta riƙa bina tana kama mini garwa, tana cewa, "In abin ga bai yi ba, mun shiga uku a garin ga." In dare ya yi na kwanta, ba abin da nake roƙo sai ya Allah ka sa ya riƙe. Ban ma iya yi wa kakana addu'a yadda ya kamata ba. Daɓen nake wa.

Ranar da daɓen ya cika kwana bakwai, gari duka ya taru a rijiya. Baffa ya janye ƙaya. Ya kama bakin buhu ya ɗaga.

Da fari na ga kamar lafiya. Sai da rana ta haska sosai na ga zane-zane sirara sun bazu ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. A tsakiyarsu kuma guda ɗaya doguwa, ta taso daga bakin rijiya ta miƙe har gindin komi.

 Arɗo ya durƙusa da ƙyar, ya tsinci tsinke ya zura. Tsinken ya shiga. Ya daɗe yana kallonsa. Da ya zagi kakana da na fi samun sauƙi. Amma cewa ya yi, a hankali, kamar mai ba da haƙuri a madadin aboki, "Allah shi jiƙan maza. Hannu ya tsuhwa."

Aka saki guga. Mutane da dabbobi suka sha. Siminti kuwa babu saura. Baffa ya cusa laka da toka a tsagar, aka sake rubuta takarda, amma hadari ya riga amsa zuwa. A ruwa na uku na daminar nan, da hantsi, aka ji wani gurnani daga bayan gari. Bakin rijiya ya karkace ya nutse, ya tafi da rabin komin shanu. Allah ya tsare, ba kowa a kai.

Da rani ya dawo sai gari ya fara zubewa. Arɗo ya kwashe mutanensa suka yi wajen Giyawa. Gidaje da yawa suka koma Kagara da bakin gulbi a Goronyo. Bazawarar nan ta sayar da awakinta ta bi 'yarta. Kafin a haƙa wata rijiya, unguwarmu ta zama kufai rabi da rabi. Waɗanda suka rage kuma suka sami abin faɗa. In tukunya ta fashe a wuta tun fari, in zani ya yage ranar da aka saye shi, sai a ce, ai daɓen tsoho ne. Yaran da aka haifa bayansa suna faɗa ba su san wane tsoho ba. Iya ta ji da kunnenta kafin ta rasu. Ta daina zuwa biki kawai. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yarda. Na ce tsufa ne, na ce ciwon ya riga ya shiga hannunsa ranar da ya kwaɓa. Ina yi masa addu'a ina tausayinsa, irin tausayin da ake yi wa wanda ya gaza.

Ya Ubangiji, ka shayar da shi, shi da ya mutu yana ɗaukar ruwa ba don bakinsa ba. Ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da Iya a inuwar da ba ta gushewa.

Bayan shekara shida aka turo ni koyarwa Wurno. Wata rana da azahar ina dawowa ta gefen fadama, na tarar ana gyaran bakin ƙofar ruwa ta masu noman rani. Na ga buhuna shimfiɗe a kan sabon siminti, ƙafata ta tsaya da kanta. Wani lebura ya zo da bokiti, ya kama bakin buhu zai yaye. Sai wani dattijon magini ya taso daga inuwa da gudun da bai dace da shekarunsa ba, ya riƙe masa hannu.

"Kai, kashe min aiki za ka yi?"

"Ya bushe, Baba. Tun jiya ba a ba shi ba."

"Shi ya sa. Aje bokitin ga."

Na matsa na gaishe shi. Na ce, "Baba, don Allah, in ya bushe ba ruwa za a ba shi ba?"

Ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya ce, "Ɗiyata, kin taɓa sauke tukunya daga wuta kin tsoma ta cikin ruwan sanyi? To haka. In rana ta gasa shi, ba a yaye shi, ba a kwara mai. Sai a ƙara mai inuwa a jira marece, in ya huce a yayyahwa bisa buhu da tsintsiya, kaɗan-kaɗan."

Na ce, "In ya yi kwana guda cur bai samu ba fa?"

"Ya ɗan yi rauni a sama, amma ya rayu, in dai kwaɓin na kirki ne. Ƙishin yini ba ya tsaga siminti haka nan. Mai tausayi da tulu ka tsaga shi."

Hannun kakana bai tsufa ba. Ni na fasa daɓen, da ruwan randar Iya, ranar da aka binne shi.